Ajiye Wayar, Ɗauko Tef

Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa nake hana ka taɓa waya a teburin yanka, ka ce ai kalkuleta ba ta kuskure. Lokacin almakashina na kan shaddar mutane, shi ya sa na ce ka bari sai na natsu.

Ɗana, na yarda ba ta kuskure. Amma ita da tef ba bakinsu ɗaya ba. Ɗauki ƙirji inci 43. Ka raba shi huɗu a waya, za ta ba ka 10.75. To nuna min wannan 75 ɗin a jikin tef. Babu shi, domin inci gida takwas aka tsaga shi, ba goma ba. Wani yaro da ya zauna a shagon nan kafin ka zo, da ya ga bakwai ɗin sai ya ƙirga layi bakwai ya sa alli, alhali shida ne. Layi ɗaya kacal, amma yadin ninki huɗu ne, sai ya tashi rabin inci a jikin riga. Wannan da sauƙi, an rage. Ranar da yatsansa ya danna 34 maimakon 43 kuwa, yadi huɗu na biya daga aljihuna, ana saura kwana uku Sallah. Abin da ya fi ƙona min rai, mai kayan ƙato ne, yaron da kansa ya auna shi, amma da ya ga 8 da rabi ko gezau bai yi ba, ya datsa.

Yadda aka koya min shi ne rabin rabi. Rabin 43, 21 da rabi. Rabinsa kuma, 10 da kwata uku. Sannan ka ƙara abin da ɗinki zai ci. In kai ya toshe, ninka tef ɗin sau biyu, zai faɗa maka. Yadi inci 36 ne, rabinsa 18, kwatansa 9. Ka haddace 36, 72, 108, 144 kamar sunanka.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, da fam da sule ya tashi: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sai a 1973 aka koma naira. Bai yi boko ba, amma kafin mai yadi ya rufe baki ya gama lissafi. Ku kuwa da komai goma-goma ne, yadi huɗu da rabi a kan naira 3,500 kowane yadi sai kun laluba aljihu. In na aike ka Kantin Kwari haka za ka tsaya? Huɗu 14,000, rabi 1,750, haɗa.

Lissafin kuɗin wata ka yi da wayarka, ban hana ba. Gobe dai ka zo da wuri, akwai wando mai ƙugu 39 a ƙarƙashin keken ɗinki. Kwatansa nake so in ji daga bakinka kafin ka ɗauki tsintsiya.