Matar sojan Amurka da fanshon miji bayan saki

'Yar'uwa, kin ce aurenku shekara takwas, an kuma gaya miki ba ki da ko sisi a fanshonsa tunda ba ku cika goma ba. Ba haka ba ne. Dokar USFSPA ta 1982, wato dokar Amurka ta kare haƙƙin tsofaffin mata ko mazan sojoji, ta ba kotunan jihohi ikon raba fanshon soja tsakanin ma'aurata. Shekara goman nan sharaɗi ne kawai na hukumar DFAS, mai biyan albashi da fanshon sojojin Amurka, ta riƙa turo miki kasonki kai tsaye. In ba ta cika ba, shi zai riƙa biyanki bisa umarnin kotu.

Abin da ya fi damuna inshorar lafiyarki ta Tricare ce, wato ta sojoji da iyalansu, domin tana yankewa ranar da saki ya tabbata. Don Allah ki ga lauya kafin ki sa hannu a kowace takarda.