Ya gama digiri, ya ƙi sana'a: lalaci ne?

Hajiya, kin ce ɗanki ya gama jami'ar KNUST da ke Kumasi, ya yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, yanzu yana zaune a gida a Aboabo yana jiran aikin ofis, ya ƙi bin kawunsa Suame Magazine, unguwar makanikai.

Ni a ganina kunya ce ta fi yawa. Yaron da aka yi wa walima ranar kammala karatu yana tsoron a gan shi da baƙin mai a hannu, a ce bokon ya tashi a banza. Mu iyaye ma da namu laifin, mun rene su da "yi karatu ka zama babban mutum", kamar makanike ba mutum ba ne.

Kada ki riƙa gwada shi da sa'o'insa a gaban jama'a, taurin kai zai ƙara. Kuɗin data da ake tura masa ta MoMo kuma a ɗan ja hannu. Kawun ya zaunar da shi, ya nuna masa cewa a Magazine masu sayar da kayan gyaran mota na neman mai riƙe musu lissafi da tallata kaya a WhatsApp. Ya fara da wannan, yana ci gaba da kai takardunsa.

Ku kiyayi masu karɓar kuɗi wai za su samo gurbi a soja ko kwastan. Maƙwabcina har yau yana bin sawun kuɗinsa.

In kuwa ya fara kulle kansa a ɗaki, ba ci ba barci, ko kin ga alamar tramadol, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye.