Kawu, ga dalilin da ya sa muka mayar da kifin cikin ruwa

Kawu, Allah ya ƙara girma. Kun ce masuntan Kwalkwalawa sun riƙe baki da suka ga bidiyon yarona ya kama ƙaton kifi ya sake shi. Haka mu Hausawan birnin Winnipeg na Kanada muke yi. Kowa da lasinsa, kowa ya matse ƙayar ƙugiyarsa da filaya don kada ta yaga bakin kifi, dokar lardinmu na Manitoba ke nan, kuma wanda ya wuce awo sai a mayar da shi ya ci gaba da zuba ƙwai. Da na zo, almubazzaranci na ɗauke shi. Dabbobi biyu ne suka sauya min tunani.

Na farko farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai farin gashi ta yankin ƙanƙara. Mukan kai yara gidan namun daji na Assiniboine bayan Sallah, su tsaya ƙarƙashin gilashi yana iyo a samansu, tafin ƙafarsa kamar faifai. A daji, a kan ƙanƙarar teku yake farautar wata dabbar ruwa mai kitse da ake kira sil. In ƙanƙara ta narke sai ya fito tudu ya yi watanni kusan ba ci, kuma yanzu narkewar tana saurin zuwa. Macen takan haifi biyu, kowanne bai kai kilo 1 ba, sai bayan kamar shekara 3 ta sake. Amma shi yana da gata. Tun 1973 ƙasashe biyar suka sa hannu a Oslo kan kare shi. A garin Churchill da ke arewacin Manitoba har ɗakin tsarewa aka yi wa beyar ɗin da suka shigo gari, a riƙe su, daga baya a sake su.

Na biyun ya fi tsaya min a rai, kifin shak na Girinlan, wani ƙaton kifin teku na can arewacin duniya. Can ƙasan ruwan sanyi yake, cikin duhu, yana tafiya a hankali, tsawonsa na ƙaruwa da kamar santimita 1 a shekara. Binciken da aka fitar a 2016 ya kiyasta wata babbar mace da shekara 392. Kawu, in haka ne, ta kusa shekara 200 lokacin da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Kuma macen ba ta isa haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. A da saboda man hantarsa ake kashe shi, yanzu taru ne ke haɗawa da shi ba don shi aka jefa ba. Beyar ɗin da wuya ya wuce shekara 30, duniya na kukansa, wannan kuwa ba mai ganinsa balle ya tausaya masa, abin yana damuna ƙwarai.

Su biyun suka nuna min cewa in aka kashe manya masu haihuwa, da wuya a mayar da gurbinsu. Shi ya sa nake roƙon ku tambayar min dattawan Sarkawa, yaushe rabon da su ga ayu da idonsu, kuma wane girman giwan ruwa ake samu a gulbin Rima yanzu. Yaron yana son ya kai amsar makaranta. A gaida Inna da yara.