Tambaya da Amsa: Wa zai duba maka gida kafin ka biya kuɗi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na samu gida a Mabera zan saya, ɗaki huɗu da falo, an yi mai sabon fenti ya yi kyau sosai. Dillalin ya ce kar in wahalar da kaina, yana da injiniyan shi da zai duba min kyauta. In yarda ko in nemo nawa? Daga wani ɗan kasuwa, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Nemo naka, kuma ka biya shi da kuɗinka. Dillali la'adarshi ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, to injiniyan da ya kawo ai shi ma yana jiran cinikin ya faɗa ne, ta ina zai ce maka fandishon ya nutse? Ba wai na ce mutumin banza ba ne, wataƙila ma ya san aikinshi, amma ba a ba kura ajiyar nama. Ƙa'idar wannan sana'a ko'ina ita ce in mai duba gini yana da wata alaƙa da mai sayarwa dole ya faɗa maka tun farko. A Ingila duba gini sana'a ce mai zaman kanta ƙarƙashin RICS, ƙungiyar masu duba gine-gine da filaye da aka kafa tun 1868, kuma dokokin ɗa'a da suka sabunta a 2022 farkon abin da suka sa shi ne gaskiya da riƙon amana, sannan kada mutum ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin iliminshi.

Mu nan Najeriya aikin a rarrabe yake. Ƙarfin gini, wato fandisho da ginshiƙi da dekin, na injiniya ne mai rajista da hukumarsu ta COREN. Ingancin aikin ginin kanshi na magini ne mai rajista da CORBON. Iyakar fili da bikon, wato alamar iyaka da ake kafawa, na safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar da aka kafa a 1989. In kuma darajar gidan kake son sani, ko kuɗin da aka yanka maka ya yi daidai, wannan na masu ƙiyasta darajar gidaje ne masu rajista da ESVARBON. Ka tambayi mutum lambar rajistarshi kai tsaye ba kunya, mai ita ba ya jin haushi, wanda bai da ita ne zai fara ce maka ai shekara ashirin yana wannan aiki.

Sabon fentin nan kuwa shi ya fi tsaya min a rai. Mabera kowa ya san yadda take da ruwa in damina ta sauka, don haka ranar da za a je dubawa ka bi injiniyan da ƙafarka ka ga abin da yake yi. Mai aikin gaske zai durƙusa ya shafa gindin bango ya ji ko akwai danshi ko wani farin gishiri-gishiri da ke tasowa ƙarƙashin fenti, zai ƙwanƙwasa filasta ya saurara ko tana ƙara kamar ba komai a bayanta, zai nemi tsani ya leƙa cikin silin ya ga ko gara ta cinye katako. Tsagewa ma iri-iri ce. 'Yar siririya da ke kan filasta kawai, yawanci zafin ranarmu ne ya busar da ita da wuri, ba ta da wata illa. Amma wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace, ka zagaya waje ka same ta a wuri ɗaya, wannan bulo ne ya rabu kuma maganar ta koma kan fandisho. Ka buɗe ƙofofin duka, in wata tana cijewa a sama ka nuna mai. Sannan ka ɗan saci jiki ka gaisa da maƙwabta ka tambaye su ina ruwa ke kaiwa a watan Agusta, su ba su da la'ada a ciki.

Daga ƙarshe ya ba ka rahoto a rubuce da sa hannu da hatiminshi, ya faɗi abin da ya gani da wuraren da bai samu dubawa ba. "Gida lafiya lau Alhaji" ta waya ba rahoto ba ne, gobe in bango ya buɗe ba ka da abin kai wa hukumarsu. Takardun fili kuma daban, ka je ma'aikatar filaye ka tabbatar sunan da ke kan shaidar mallaka shi ne na mai sayar maka.

Tambaya: Malam ina gini a Arkilla, ni kuma aiki ya riƙe ni a Abuja. Wanda ya yi min lissafin kayan gini ya ce in riƙa turo mai kuɗi shi zai sayo siminti da rodi, shi kuma zai riƙa duba aikin. Ya halatta a aikinsu? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Hajiya a raba aikin nan. Mai lissafin kayan gini, in na gaske ne yana da rajista da QSRBN, amfaninshi shi ne ya tsare miki aljihu, ya ce buhu kaza ake buƙata kuma buhu kaza aka yi amfani da shi. To in shi ya ƙiyasta, shi ya sayo, shi kuma zai shaida an zuba, wa ya rage da zai ce ba haka ba ne? Ko waliyyi ne ki raba, don shi ma ki fitar da shi daga zargi. Siminti dai ga kamfani nan Kalambaina, diloli cike da gari, ki biya dila da kanki ta banki a kai kaya wurin aiki a ba ki rasit. Ranar zuba dekin kuma lallai injiniya ya je ya ƙirga rodi ya duba kaurinshi kafin a rufe da kankare, don in an zuba an gama, ba mai sake ganin abin da ke ciki. Kuma kar ki bari a yi gaggawar cire katakon da ya tallafe dekin wai za a kai wani aiki, kankare sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara mai, ana kuma ba shi ruwa musamman kwanakin farko.

Tambaya: Gidan gadonmu ne a cikin gari, muna son ɗora bene. Birkilanmu ya ce ginin zai ɗauka.

Amsa: Birkila ba shi ke da wannan hukunci ba ɗan'uwa, ko da ya fi kowa iya jera bulo. A kira injiniya ya sa a tona gefen fandisho ya ga zurfinshi da faɗinshi, ya zana, ku kai wa hukumar tsara birane ta jiha ta amince kafin a sauke yashi. In ya ce ba zai ɗauka ba ku haƙura ku faɗaɗa ta ƙasa in akwai fili.