Yaya ake zama jagoran makaɗa a Jamus?

Tambaya: Na ga bidiyon wani Bajamushe tsaye a gaban makaɗa kusan ɗari, yana ta juya 'yar sanda, shi kuwa ko ganga bai taɓa ba. Mene ne aikinsa, kuma ta ina ake bi a kai wannan matsayi?

Amsa: Malam, abin da ka gani ɗan kaɗan ne daga aikin. Babban aikin a wurin bita yake, inda babu ɗan kallo ko ɗaya. A nan jagora zai tsayar da kiɗa, ya ce masu goge sun yi gaggawa, masu busa sun danne muryar mawaƙiya, a koma baya a sake. Ranar wasa, hannun dama ne ke riƙe musu lokaci, na hagu kuma ya nuna wa ya shigo, wa ya sassauta.

Hanyar kaiwa can doguwa ce. Jamus na da gidajen wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa da kiɗa, kusan 80, akasarinsu kuɗin birni ko na jiha ne ke riƙe da su. Matashi kan fara da aikin da suke kira Korrepetitor: ya wuni a kan fiyano cikin ƙaramin ɗaki yana koya wa mawaƙa baitocinsu, har ya san inda kowanne ke jan numfashi. Daga nan ya zama Kapellmeister, wato ɗaya daga cikin jagororin makaɗan gidan wasan, a riƙa ba shi wasannin da manya suka bari, wani lokaci ba tare da bita ko sau ɗaya ba. A ganina, babu makarantar da ta kai wannan, domin a nan ne yake koyon ceto wasa idan mawaƙi ya ɓace a tsakiyar waƙa.

Shahararren jagoran makaɗa Herbert von Karajan, haifaffen Salzburg a Ostiriya a 1908, ta nan ya bi. Ya fara a ƙaramin gidan wasan birnin Ulm a 1929, ya koma birnin Aachen, inda ya zama babban daraktan kiɗa a 1935. Ba zan ɓoye ba, a waɗannan shekarun ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler, tabon da ya bi sunansa har bayan rasuwarsa. Daga baya ya riƙe ƙungiyar makaɗan Berlin Philharmonic sama da shekara 30, har zuwa 1989. Wani jagoran, Christian Thielemann ma, wanda aka haifa a Berlin a 1959, a kan fiyanon bita ya fara yana ɗan shekara 19, ya kuma yi aiki a matsayin mataimakin Karajan ɗin.