Jakar goyo mai farantin sola a lokacin damina: ta ina ruwa yake shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne a yankin Haɗeja, aikina yawo ne a kan babur daga ƙauye zuwa ƙauye, ina ɗauke da wayar salula da kwamfutar hannu da muke shigar da bayanan manoma a cikinta. Na sayi jakar goyo mai farantin sola a bayanta, kuma a jikin kwalinta an rubuta IPX4 tare da cewa ruwa ba ya shiga. Shin zan iya dogara da ita idan ruwa ya tsare ni a hanya, ko kuwa sai na ƙara wani tanadi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A taƙaice, kada ka dogara da ita ita kaɗai. Dalilin kuwa yana cikin wannan rubutu da ka gani a jikin kwalin, saboda haka daga nan za mu fara.

Lambar IP ma'auni ne na ƙasa da ƙasa da ake kira IEC 60529, wanda yake bayyana yadda rufin kayan lantarki yake kare abin da ke cikinsa. Harafi biyu na farko suna ne kawai, lambobi biyun da ke biye su ne magana. Ta farko ta ƙura ce da sauran abubuwa masu tauri da ka iya shiga, daga 0 zuwa 6, ta biyu kuma ta ruwa. Inda ka ga X a gurbin lamba, ba a gwada wannan ɓangare ba, wato jakarka ba a yi mata alkawarin komai a kan ƙurar hunturu ba. Lamba 4 a gurbin ruwa tana nufin abu ya jure fantsamar ruwa daga kowace fuska. Lamba 5 da 6 na ruwan da aka feso da ƙarfi ne ta bakin mesa, lamba 7 kuma ita ce ta nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har tsawon minti 30. Ka ga ashe IPX4 ta yi daidai da yayyafi, ko ruwan da mota ta watsa maka a kwalta. Ruwan watan Agusta, wanda yake zuba kamar da bakin ƙwarya kana kuma tafe a kan babur iska tana tura shi cikin kowace kafa, ya fi ƙarfinta.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba kasafai suke fayyacewa ba: sau da yawa lambar ta farantin sola ce kawai, ba ta jakar gaba ɗaya ba. Shi kuwa farantin, shi ne ɓangaren da ya fi kowanne aminci. Ƙwayoyin silikon da ke cikinsa a manne suke tsakanin shimfiɗun roba, an matse su da zafi, ta yadda ruwa zai bi ta kansa ya gangare ba tare da ya taɓa komai ba. Masu kyau ana rufe fuskarsu da roba mai suna ETFE, wadda take daɗewa a rana, masu araha kuma da PET, wadda bayan 'yan shekaru a zafin ƙasarmu takan dushe ta fara ɗagowa daga gefe. Idan ka ga gefen farantin ya fara kumbura kamar akwai iska a ƙarƙashinsa, to danshi ya sami hanya.

Matsalar tana wurin da aka haɗa farantin da jakar. Dole ne a huda yadin domin kebul ya wuce daga bayan farantin zuwa ciki, kuma wannan huda tana wurin da ruwa yake sauka kai tsaye. Ka juya jakarka ciki waje ka duba wurin da kyau. A jaka mai inganci za ka tarar da zoben roba ya kama kebul ɗin tsam, ko an toshe wurin da gam. A mai araha kuwa yanka yadin kawai aka yi aka zura, wani lokacin har kana iya hango haske ta ciki. Ruwa yana bin jikin kebul kamar yadda yake bin igiyar guga, ya sauka kai tsaye a bakin USB da ke ƙarshensa. Maganinsa ba shi da tsada: a shafa gam ɗin silikon, irin wanda masu aikin gilashi da alminiyom suke amfani da shi, a kewayen hudar ciki da waje, a bar shi ya kwana. Sannan a lanƙwasa kebul ɗin ya yi ƙasa kafin ya sake hawa zuwa abin da ake cajawa, domin ɗigon da ya biyo shi ya faɗi daga gindin lanƙwasar.

Bayan wannan sai ɗinki da zif. Kowace huda da allura ta yi ƙofa ce, kuma farantin kansa galibi ɗinke shi ake yi a jikin jakar, zagaye guda. Jakunkunan da aka yi domin ruwa da gaske ba a ɗinka su, ana narka gefen yadin ne a manne shi, ko kuma a bi bayan ɗinkin da tef na musamman. Zif na gama-gari ba ya tare komai. Wanda aka lulluɓe haƙoransa da roba mai sheƙi ya fi, amma shi ma yakan yoyo ta ƙarshensa, inda kawunan zif biyu suke haɗuwa. Saboda haka idan hadari ya taso, ka ja kawunan biyu zuwa ƙasa ta gefe ɗaya, kada ka bar su a tsakiyar sama. Jakar da bakinta naɗewa ake yi sau uku a ɗaure ita ce ta fi tsare ruwa, sai dai da wuya ka same ta da farantin sola a kasuwanninmu.

A kan yadin ba sai na tsawaita ba. Rubutun 600D ko 900D da ake tallatawa kaurin zare ne, yana nuna ƙarfin yadi, bai ce komai a kan ruwa ba. Abin da ke tare ruwa shi ne shafen roba da ke cikin yadin, kuma shafen da aka fi amfani da shi, wato PU, zafi da danshi suna cinye shi. Ranar da ka ga cikin jakar yana danƙo ko yana ɓarewa kamar saɓar maciji, aikinsa ya ƙare.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Ruwa a kan bakin caji da babu wuta a cikinsa ƙaramar ɓarna yake yi, ya bushe a ci gaba. Ruwa a kan bakin da wuta ke bi kuwa, ko da volt 5 ne kacal na USB, cin ƙarfen yake yi nan take, kuma wannan koren abu da masu gyaran waya suke kankarewa da burushi daga nan yake fitowa. Farantin sola ba shi da makunni, duk lokacin da haske ya taɓa shi wuta tana kan kebul ɗin. Don haka da ka ga gabas ta haɗe, ka tsaya ka cire komai daga caji, ka rufe bakin USB ɗin da murfinsa ko ka ɗaure shi a 'yar leda. Ba ka yi asarar komai ba, domin farantin jaka wat 5 zuwa 10 yake bayarwa a tsakar rana, a ƙarƙashin baƙin gajimare kuwa abin da yake fitarwa bai kai a yi maganarsa ba.

Kayan da kansu su sami rufi na biyu a ciki. Ƙaramar jakar roba mai naɗaɗɗen baki, irin ta masu shiga ruwa, ita ce ta fi, idan babu kuma leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, a murɗe bakin a ɗaure da kyauro. Wannan ya zama wajibi a gare ka musamman, tunda a yankinku akwai garuruwan fadamar Haɗeja da Nguru da sai an shiga kwalekwale idan ruwa ya cika, kuma ruwan da ke kwance a gindin kwalekwale ta ƙasan jaka yake shiga, inda babu wanda yake dubawa. Ka ɗora ta a cinya. Rigar ruwa ta jaka, wadda ake lulluɓa mata daga waje, tana taimakawa ƙwarai a kan babur, kuma rufe farantin da take yi ba aibi ba ne a lokacin ruwa.

Sai dai rufin nan na lokacin ruwa ne kawai. Batirin litiyom, na waya ne ko na fawa bank, ba a son a yi cajinsa idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma cikin baƙar jaka a rana yana wuce haka cikin sauƙi, balle an ƙulle shi a leda. Idan gari ya washe, a kwance ledar kafin a mayar da caji. Haka kuma ledar da aka ɗaure da iska mai danshi a ciki takan yi gumi idan gari ya yi sanyi, shi ya sa yake da kyau ka riƙa tara 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ka jefa biyu ko uku a ciki.

Kafin ka sake fita, ka gwada jakar a gida. Ka fitar da kayan lantarki duka, ka cusa tsofaffin jaridu har ta cika, ka rataye ta yadda take zama a bayanka, sannan ka yi ta zuba mata ruwa daga sama da buta na minti biyar. Wurin da takardar ta jiƙe shi ne wurin da za ka bi da gam. Idan kuma ƙaddara ta sa waya ta jiƙe, a kashe ta, a girgiza bakin cajin yana kallon ƙasa, a ajiye ta a inuwa mai iska na yini guda aƙalla kafin a jona ta. Binne ta cikin shinkafa ba ya ƙara saurin bushewa, kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da kada su yi haka, saboda ɓurɓushin shinkafar yana shiga cikin wayar.