Mota Mai Ɗaki: Sikeli Ya Fi Dillali Faɗin Gaskiya

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan abu guda suka zo, wato motar nan da ake kwana a ciki, a yi girki, a kewaya, gari ya waye a kama hanya. Jamusawa na ce mata Wohnmobil. Na zaɓi huɗu.

Malam, ina zaune a Hamburg da maiɗakina da yara biyu. Burina mu tafi ziyara Fas a mota, mu bi ta Sifaniya. Na ga tsohuwar Volkswagen mai rufin da ake ɗagawa, na kuma ga Fiat Ducato mai tsawon mita 6. Wacce zan saya?

Ɗan'uwa, ajiye hotunan motocin tukuna, ciro lasisinka. Idan mai harafin B ne, irin na kowa, iyakarka kilo 3,500, kuma wannan ya haɗa motar, da kayanta, da ku kanku. A nan mafi yawan masu saye ke yin tuntuɓe, domin dillali gado zai nuna maka da firji da labule, ba zai kai ka kan sikeli ba.

Mu yi lissafi. Ducato irin wadda ka gani, bayan an zuba mata katako da banɗaki, takan kai wajen kilo 3,000 da direba a ciki. Saura 500. Uwargida da yara, a ce kilo 130. Tankin ruwa mai lita 100, kilo 100 ke nan, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tukunyar gas ta Jamus mai cin kilo 11, in an haɗa da ƙarfenta, ta haura kilo 20, kuma biyu ake ɗauka. Rumfar gefe wajen 30. Kekuna da abin ɗora su, sa 70. Ba a zo kan tufafi ba, ba a zo kan tukwane da buhun shinkafa da galan ɗin manja ba, kuma na san halinmu, ba ma tafiya sai da tsaraba. Ƙari a kan haka, doka ta yarda nauyin da kamfani ya rubuta ya saɓa da na zahiri da kashi 5 cikin ɗari, wanda a irin wannan mota kilo 150 ne cur. Obalodi a can ba abin da za ka ce wa ɗan sanda ya yi haƙuri ba ne. Tara ce, wani lokaci har a sa ka sauke kaya a bakin titi, ga birki da tayoyi suna shan wahala a gangaren tsaunukan Pyrenees da ke tsakanin Faransa da Sifaniya.

Don haka kafin ka biya ko sisi, ka ce da mai motar ku je a auna ta. Wuraren gwajin mota irin su TÜV da DEKRA, da wasu wuraren karɓar shara da masu sayar da yashi, suna da sikelin da mota ke hawa. A auna gaba daban, baya daban. In ya fara kame-kame, ka riga ka sami amsarka.

To, wacce? Ga mutum huɗu da tafiyar da ta haura kilomita 2,500 kafin ma a ga tekun Algeciras a kudancin Sifaniya, Ducato. Ko 'yan'uwanta, Peugeot Boxer da Citroën Jumper, jikinsu ɗaya ne. Faɗinta ya isa a shimfiɗa gado a gicciye, kuma mai dogon rufi za ka miƙe tsaye a ciki, domin tsayin ya ɗan haura mita 1.9. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai salla ranar da ake tsuga ruwa a waje, in ka yi dabarar fakin motar ta fuskanci alƙibla. Volkswagen tana da nata daɗin: tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai kai mita 2 ba, tana shiga gidajen ajiye motoci, za ka iya zuwa aiki da ita. Amma ba ta da banɗaki, kuma waɗanda suka zana tankin ruwanta ba su san da buta ba. Alwala da tsarki na mutum huɗu za su ƙarar da shi kafin la'asar.

Ka tabbata kujerun baya suna da bel na gaskiya da aka yi wa rajista. Ka duba shekarun injin, saboda tsohon dizal ba ya shiga birane da dama: Jamus na neman koriyar sitika, Faransa na da tata mai suna Crit'Air wadda ake oda kafin a taso. Ka shinshina cikin kabad-kabad, ka danna bango kusa da tagogi. Warin danshi alamar ruwa na shiga ne, kuma gyaransa ya fi na inji cin kuɗi.

Daga Algeciras jirgin ruwa zai tsallaka da ku Tanger Med cikin kamar awa ɗaya da rabi. Tambayi kamfanin inshorarka ko takardarka ta haɗa da Maroko, in ba haka ba sai ka yanki wata a tashar. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana cikin tsohon birnin Fas, inda lunguna ba sa ɗaukar mota, sai ƙafa da alfadari, saboda haka wurin fakin mai maigadi za ka nema a wajen ganuwa.

Da ni ne kai, sai na fara ɗaukar haya ta mako guda, mu tafi ko bakin tekun Baltic ne. Daga nan za ka ji ra'ayin uwargida na gaskiya.

Ni da maigidana muna Birmingham, mun sayi motar. Yana son kekuna masu batir guda biyu, ni kuma na ce masu naɗewa. Raba mana gardama.

Hajiya, kin fi shi gaskiya, amma ba duka ba. Keke mai batir yakan kai kilo 25. Biyu, 50 ke nan, kuma yawancin kariyar ɗora kekuna da ake maƙalawa a ƙofar baya ba a yi ta don wannan nauyi ba. Sai mai zama kan ƙugiyar jan tirela, ita ma da iyakarta a rubuce. Sannan duk abin da aka rataya can bayan tayoyin baya yana danna su fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba, kamar yadda yaro ke rinjayar babba a lilo in ya matsa ƙarshen katako. Keke mai naɗewa irin Brompton, da ake ƙerawa a Landan, nauyinsa wajen kilo 12 ne, yana shiga ƙarƙashin gado, ɓarawo bai gan shi ba, ruwa bai taɓa shi ba, kuna iya shiga jirgin ƙasa da shi.

Inda maigida ya yi gaskiya shi ne tudu. In Wales ko Scotland kuka nufa, ƙananan tayoyin nan za su sa ki tuna shekarunki. To a sayi mai batir ɗaya, mai naɗewa ɗaya, a riƙa cire batirin ana shiga da shi ciki lokacin tafiya. Ranar da kuka tsallaka Sifaniya ko Italiya, ku nemi allon nan mai ratsin ja da fari da ake ɗaura wa kayan da suka zarto bayan mota.

Sola nawa zan sa don firji, caji da ɗumama mota lokacin sanyi?

Firji da caji, farantin sola mai wat 150 zuwa 200 da batirin lithium mai amfiya 100 sun isa a lokacin zafi. Wannan batirin nauyinsa wajen kilo 12 ne, na dalma kuwa ya kusa 30 kuma rabinsa kawai ake sha, sai dai ba a cajin lithium in sanyi ya kai na ƙanƙara. A Disamba kada ka dogara da ranar Turai, ka sa na'urar da ke cajin batirin daga inji yayin da kake tuƙi.

Ɗumama kuwa, cire ta daga lissafin sola gaba ɗaya. Hita mai aiki da dizal ko gas, wadda hayaƙinta ke fita waje, ita ce hanya. Kada ka kunna risho ko gawayi ka rufe ƙofa. Iskar da ke kashe iyalai masu kwana da janareto a ɗaki ita ce dai wannan, ba ta da wari, kuma cikin mota ya fi ɗaki ƙanƙanta. Sayi ƙararrawar da ke gano ta tun kafin ka sayi katifa.

Ina Kano, ina da Hayis. Zan iya mayar da ita haka?

Ƙwarai, kafintoci da masu walda za su yi maka cikin 'yan makonni, kuma solarka za ta fi ta mutanen Hamburg ƙoshi. Matsalarka zafi ce da wurin kwana. A sa abin tare zafi a rufi, fanka mai zuƙe iska a sama, da ragar sauro a kowace taga. Kwana a bakin hanya kuwa, a yadda tsaro yake, ban ba ka shawara ba. Yi tafiyarka da rana, ka kwana cikin harabar masauki ko gidan 'yan'uwa. Gwajin farko ka nufi Yankari, ka tambayi ma'aikatan sansanin Wikki inda za ka ajiye ta, kuma ka rufe tagogi in za ka sauka wanka, don gwaggon birin wurin sun saba da abincin baƙi.